Ruwa da Tina: Tarihin Gardama Kan Ƙarkon Fentin Gyaran Mota

Ranar 1 ga Janairun 2007 wata doka ta fara aiki a ƙasashen Tarayyar Turai, wadda ba ta dami kowa ba sai masu yin fenti da masu garejin gyaran motocin da suka yi haɗari. Dokar mai lamba 2004/42 ta ƙayyade cewa fentin saman da za a fesa wa mota wajen gyara, sinadaran da ke tashi daga cikinsa su bi iska kada su wuce giram 420 a kowace lita. Fentin launin da masu sana'ar suka gada, wanda ake sirkawa da tina, yakan haura giram 700 idan an haɗa shi don feshi, saboda haka dokar ta rufe masa ƙofa ba tare da ta ambaci sunansa ba. Abin da ya rage wa garejoji shi ne fentin launin da ake sirkawa da ruwa. Tsofaffin masu feshi da yawa don dole suka karɓe shi, suna faɗin maganar da har yau ake ji daga Amurka zuwa Afirka, wai abin da aka dama da ruwa ba zai jure wa ruwa da rana ba, bayan 'yan shekaru zai ɗaye ya bar mai mota da asara. Wannan zargi yana da tarihi, kuma wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga cewa ƙarkon fentin gyara bai rataya a kan abin da aka sirka launin da shi ba. Ya rataya ne a kan abin da ke ƙarƙashin launin, da abin da ke samansa, da haƙurin mai riƙe da bindigar feshi.

A farkon ƙarni na 20 fentin mota gado ne daga masu fentin keken doki. Da buroshi ake shafawa, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, har mota guda takan cinye mako uku ko fiye a ɗakin fenti. Sauyi ya zo da fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda aka haɗa da naitroselulos, General Motors kuma ya fara sa shi a motar Oakland ta 1924 mai launin shuɗi. Da bindiga ake fesa shi, ya bushe nan da nan, aikin makonni ya koma na sa'o'i. Sirrinsa tina ne. Yawancin abin da ke fita daga bakin bindigar tina ne, wanda ke ɗauko danƙo da garin launi ya ajiye su a jikin ƙarfe, shi kuma ya tashi abinsa. Tun daga nan sana'ar ta ginu cikin warin tina, har aka wayi gari mutane na jin kamar shi ne ƙarfin fentin. Alhali fentin tina na wancan zamani ba shi da wani ƙarko na a zo a gani: rana takan dusashe shi, yakan tsattsage, sai mai mota ya riƙa goge shi da man sheƙi kafin ya yi kyan gani. Fentin alkid na shekarun 1930 da na akirilik na shekarun 1950 da 1960 duk yunƙurin gyara wannan rauni ne, kuma kowane ci gaba ta hanyar sauya danƙon aka same shi. Tina dai ɗan aike ne tun farko, yana kai saƙo ya wuce.

Abin da ya fara girgiza mulkin tina daga wajen sana'ar ya fito. Tun 1943 birnin Los Anjalis ke fama da wani hazo mai sa hawaye da tari, an rasa gane kansa, sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech, ya nuna cewa tururin fetur da danginsa ne ke haɗuwa da hayaƙin injuna, rana ta dafa su su zama iskar ozon a inda mutane ke numfashi. Tina yana cikin wannan dangi. A 1966 hukumar kula da iska ta gundumar Los Anjalis ta kafa dokarta ta 66 a kan sinadaran narkarwa, a 1970 kuma Amurka ta yi babbar dokar tsaftar iska ta kafa hukumar kare muhalli. Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin shi ne tushen gardamar: ba neman ƙarko ne ya kawo fentin ruwa ba, doka ce ta kawo shi. Abin da aka tilasta wa mutum kuwa, aibinsa yake fara nema. Sai dai dalilin zuwan abu dabam ne da ingancinsa, kuma ingancin ne ya kamata a auna.

Ruwa ya ma riga ya shiga fentin mota ta wata ƙofar da masu zargin ba su cika tunawa da ita ba. Kamfanonin mota sun daɗe suna tsoma gangar jikin mota cikin manyan tankunan fentin ƙasa, kuma tanki cike da tina babban haɗarin gobara ne. Wasu masu bincike a kamfanin Ford ƙarƙashin George Brewer suka ɓullo da dabarar cika tankin da fentin ruwa, a ratsa shi da wutar lantarki, wutar ta ja ƙwayoyin danƙon su manne wa ƙarfen har cikin lungunan da bindiga ba ta isa. A 1963 aka fara yi wa gangar motoci wannan wanka, a tsakiyar shekarun 1970 kuma kamfanin PPG ya fito da ingantaccen nau'insa na ifoksi, wanda ya bazu a duniya cikin ɗan lokaci. Kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikin tankin ruwa ne. Wannan shafi, tare da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, shi ya kawo ƙarshen zamanin da tsatsa ke huda mota cikin 'yan shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara. Shafin da aka ɗora wa aikin tsare ƙarfe daga ruwa, daga cikin ruwa aka ɗora shi, kuma yau fiye da shekara hamsin ba wanda ya ce a koma wa tankin tina.

Yunƙurin farko na kai ruwa ga fentin launi kam bai yi armashi ba. A shekarun 1970 dokokin Kalifoniya suka sa masana'antun General Motors biyu da ke South Gate da Van Nuys fesa fentin ruwa a matsayin shafin sama, a lokacin da shafi guda ne ke ɗauke da launi, shi ne kuma ke fuskantar rana da ruwan sama. An kashe kuɗi masu yawa wajen sanyaya ɗakunan feshi da daidaita danshinsu, sauran masana'antu kuma ba su yi marmarin kwaikwayo ba. Matsalar tana cikin halin ruwa kansa. Zafin da ake buƙata kafin kilo guda na ruwa ya zama tururi ya ninka na sinadaran tina wajen sau shida. Mai haɗa tina yana da zaɓi, ya sa mai saurin tashi lokacin sanyi, mai jinkiri lokacin zafi, amma ruwa iri ɗaya ne, tashinsa kuma ya dogara da danshin da ke cikin iska. In iskar ta ƙoshi da laima sai ya zauna a jikin mota ya ƙi tafiya. Ga shi ba ya shiri da maiƙo, ɗigon mai ko tabon yatsa ya isa ya sa fentin ya janye ya bar ɗan rami. Garin alminiyom da ke ba fentin azurfa ƙyalli shi ma faɗa yake da ruwa, har ya fitar da iskar haidurojin ta kumbura gwangwani. Duk waɗannan matsaloli ne na gaske, amma mai karatu ya lura, dukkansu na lokacin ajiya da feshi da bushewa ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke faɗin abin da zai faru shekara biyar bayan ruwan ya tafi.

Abin da ya warware ƙullin ta wani gefe ya ɓullo. Masu saye sun kamu da son fenti mai ƙyalli, garin alminiyom kuwa idan yana fuskar fenti iska takan ci shi ya dushe. Sai masana'antun Turai, tun wajajen 1970, suka raba aikin gida biyu, siririn shafin launi a ƙasa, sannan shafin sheƙi mai garai-garai a samansa. Amurka ta bi sahu a shekarun 1980. A daidai wannan zamani kamfanonin sinadarai irin su Ciba-Geigy na Suwizalan da Sankyo na Japan suka samar da magungunan da ake zubawa cikin shafin sheƙi, wasu su shanye hasken altarabayolet na rana, wasu su kashe ɓarnar da hasken ya fara. Fentin motar zamani ya zama hawa huɗu: na tankin lantarki kusan maikiron 20, fentin ƙasa 30 zuwa 40, launi 10 zuwa 20, shafin sheƙi 40 zuwa 50, duka-duka kaurinsu bai wuce na fallen takarda da kaɗan ba. A wannan tsari launi ya zama mafi sirantarsu, a killace tsakanin biyu. Rana ba ta isa gare shi sai ta ratsa shafin sheƙi, ruwan sama da kashin tsuntsu da fetur ba sa taɓa shi. Aikinsa ya rage ya rufe, ya kama na ƙasa, ya bar na sama ya kama shi. Da nauyin jure yanayi ya sauka daga kansa, sai ya zama wurin da ya fi dacewa a cire tina, tun da dama shi ya fi kowane shafi shan tinan.

Kamfanin ICI na Ingila na cikin waɗanda suka fara cin nasara, da fentin da ya sa wa suna Aquabase. Dabarar ita ce danƙon ba narkewa yake a cikin ruwan ba. Ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna yawo a ciki yadda maiƙo ke yawo a cikin nono, idan ruwan ya tashi sai su matsu su shige juna su zama fata guda, kuma kamar yadda man shanu ba ya komawa nono bayan an kaɗa, haka wannan fata ba ta sake watsewa don ruwa ya taɓa ta. An tsara fentin ya tsinke lokacin da yake fita daga bindiga, ya yi kauri da zarar ya sauka, don kada ya zuba kuma garin alminiyom ya kwanta lafiya, garin kansa an lulluɓe shi yadda ruwa ba zai ci shi ba. Akwai sauran sinadarin narkarwa a ciki, wajen kashi goma cikin ɗari, mai taimaka wa ƙwayoyin haɗewa. A wajajen 1986 da 1987 masana'antu suka fara fesa launin ruwa, ciki har da ta General Motors a Oshawa ta Kanada da ta Opel a Bochum ta Jamus. A 1992 ya iso garejin gyara, inda ICI ya fito da Aquabase na gyara, Glasurit na kamfanin BASF kuma ya fito da nasa mai lamba 90, Sikkens da Standox da Spies Hecker suka biyo baya cikin 'yan shekaru. Ke nan lokacin da dokar Turai ta fara aiki, fentin ya riga ya yi shekara 15 a hannun garejojin da suka fara karɓarsa, musamman a arewacin nahiyar.

Mummunan sunan da ya fi bin fentin ruwa daga wani abin kunya da ya faru a Amurka ya samo asali. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, ɗimbin motocin Ford da General Motors da Chrysler, musamman a-kori-kura masu launin fari da toka da azurfa da shuɗi mai haske, suka riƙa ɗayewa a rufi da bonet, fenti na tashi falle-falle. An yi ta shari'a, kamfanoni suka sake wa motoci da yawa fenti da kuɗinsu. Da yake a lokacin ne ake ta maganar dokar muhalli da sabon fenti, jama'a suka haɗa biyun, magana ta zauna cewa fentin ruwa ne. Bincike ya nuna wani abu dabam. Don rage kuɗi da lokaci, masana'antu da dama sun cire fentin ƙasan da ke tsakiya, suka fesa launi kai tsaye a kan shafin tankin lantarki. Ifoksi gwani ne wajen hana tsatsa, amma ba ya jure hasken rana. Hasken ya ratsa siririn launin, ya mai da fuskar ifoksin gari, abin da ke kansa ya rasa abin kamawa. Yawancin waɗannan motoci ma da fentin tina aka fesa su, domin a lokacin masana'antun Amurka kaɗan ne suka koma ruwa. Maganin da aka yi shi ne hujjar da ta fi gamsar da ni: an dawo da shafin tsakiya, an ƙayyade yawan hasken da aka yarda ya ratsa launi, cutar ta lafa, alhali amfani da fentin ruwa ƙaruwa ya yi ta yi. Inda ta sake ɗago kai, kamar a fararen motocin Toyota da kamfanin ya amince ya sake wa fenti daga 2019, bayanin da ya bayar da kansa shi ne rana ta raunana kamun da ke tsakanin fentin ƙasa da shafin lantarki, can ƙasa da launi. Wasu masana'antu ma, ciki har da na BMW, sun sake cire fentin ƙasan daga baya, amma wannan karon suka ɗora aikin tare hasken a kan wani shafin ruwa da aka tsara don haka.

A Amurka dokar garejoji ba ta zo a dunƙule ba, kuma wannan ya ba mu damar kwatantawa. Dokar tarayya ta 1998 mai sassauci ce, ta bar fentin tina ya ci gaba. Kalifoniya ce ta matsa: a 2005 hukumar iskar jihar ta fitar da samfurin doka, a Yulin 2008 yankin Los Anjalis ya fara aiki da iyakar giram 420 ga launi da 250 ga shafin sheƙi, Kanada kuma ta bi a faɗin ƙasarta a 2010. A jihohi da yawa har yau gareji na da zaɓi, wasu kamfanoni ma suka haɗa fentin tina da sinadaran da doka ta yafe wa, irin su asiton, don a cika sharaɗi ba tare da ruwa ba. Saboda haka shekaru da dama ke nan tsari biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, a kan motoci iri ɗaya da tituna iri ɗaya. A Turai kuwa nahiya ce sukutum, daga sanyin Nowe da gishirin titunanta zuwa ranar Girka da Sifaniya. Da launin ruwa na mutuwa da wuri, da kamfanonin inshora sun riga kowa ganewa, domin su ke biyan yawancin kuɗin gyara, su ke kuma tsaya wa aikin garejojin da suke tura wa mutane. Manyan masu yin fenti suna ba da lamuni iri ɗaya a kan tsarin biyu, a Amurka har na muddin motar na hannun mai ita. Shaidar mai sayarwa ita kaɗai ba ta isa ba, na yarda, amma ɗan kasuwa ba ya ɗaure kansa da alkawarin sake aikin da ya san zai lalace.

Hujja mafi nauyi da masu shakka ke da ita ita ce nasarar masana'anta ba lallai ta zama nasarar gareji ba. A masana'anta gangar mota tsirara take, ba taya, ba roba, ba waya, ana gasa ta a wajen digiri 140, zafin ya ɗaure danƙon launi da na sheƙi. Motar da ta yi haɗari kuwa tana da tankin mai da kwamfuta da kujeru, ba a cika wuce digiri 60 da ita ba, na wajen rabin sa'a. Launin gyara bushewa kawai yake yi, ba ya samun wancan ɗauri. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba na goyon bayan mai cewa fentin gyara daidai yake da na masana'anta ta kowace fuska. Sai dai wannan rauni bai ware ruwa ya bar tina ba. Launin tina na gareji shi ma bushewa kawai yake yi, tsumman da aka jiƙa da tina zai share shi in ba a rufe shi ba. A tsarin biyu duka, ƙarfin daga shafin sheƙi na foliyuretan yake zuwa, wanda ake haɗawa da sinadarin taurarawa kafin feshi, ya ƙulle kansa ko ba zafi mai yawa. Asalin wannan ilmi aikin Otto Bayer ne a Jamus a 1937, kuma yawancin garejojin da suka koma launin ruwa har yau shafin sheƙinsu na tina ne, dangin na maƙwabcinsu da bai koma ba. In ma akwai bambanci, yana iya karkata ga ruwa. Danƙonsa dogo ne mai lanƙwasuwa, wanda da a tina aka narka shi da ya yi kauri ya ƙi fesuwa, kuma yakan rufe da shafi kaɗan, launi mai kauri a ƙarƙashin sheƙi mai tauri kuwa shi ke saurin ɓallewa idan tsakuwa ta buga. Masu yin fenti da kamfanonin mota ba a kan fata suke amincewa da fenti ba. Ana shanya faranti shekaru a kudancin Fulorida da hamadar Arizona, a harba masa tsakuwa da inji, a kulle shi kwana goma cikin akwatin tururi mai digiri 40, a tsaga shi da wuƙa a ja da salatif, kuma jarrabawar da aka yi wa tina ita ake yi wa ruwa.

Duk da haka ana samun aikin fentin ruwa da ya lalace, musun wannan rashin adalci ne. Yawanci dalilin gaggawa ce. Mai feshin da ya girma da tina ya saba ƙirga 'yan mintuna ya ɗora na gaba, domin ɗan tinan da ya saura yakan samu hanyar fita. Ruwa ba haka yake ba. Sai fuskar launin ta mutu gaba ɗaya, ba sauran sheƙin jiƙa, kafin a rufe ta. In aka rufe ruwa a ciki, sinadarin taurarawa yakan haɗu da shi ya haifar da iska, ƙananan huda su fito, sheƙin ya dushe, bayan watanni bororo ya taso ko shafin saman ya saki. In aka fesa da kauri, sama ta bushe ciki na jiƙe. Zafi kaɗai ba ya wadatarwa, dole iska ta riƙa wucewa ta kan farantin tana kwashe laimar, shi ya sa garejoji suka sayi fankoki da na'urorin hura iska. Dole kwamfaresa ta samu matatar da za ta tare mai, bindiga ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, gwangwani kada ya daskare, kada kuma a haɗa launin wannan kamfani da sheƙin wancan. Darasin da masu gareji suka koya a shekarun sauyin shi ne wanda ya sauya gwangwani bai sauya ɗakin feshi da hannunsa ba, shi ya sha wuya. Tina yana yafe sakaci, ruwa ba ya yafewa, kuma kuɗin kayan aikin nauyi ne a kan ƙaramin gareji. Wannan ƙorafi halas ne, amma ƙorafin kuɗi da horo ne, bai kamata a saka masa rigar rashin ƙarko ba.

Wannan tarihi ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Motocin da ke shigowa ta Kwatano da Legas su cika titunan Kano da Kaduna da Maraɗi, da yawansu da launin ruwa suka fito daga masana'anta, wasu kuma an taɓa gyara su da shi a can. Sun zo ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, kuma kowa ya san yadda suke tsufa: rufi da bonet da saman but ne ke fara yin fari-fari, shafin sheƙi ya ɓare, alhali ƙofofi na nan da ƙyallinsu. Launin da ke ƙofa shi ne a rufi, a rana ɗaya aka fesa su. Abin da ya raba su shi ne yawan ranar da ke dukansu a tsaye, domin maganin tare haske ƙarewa yake da shekaru, kowace gogewa da inji kuma tana rage kaurin sheƙin. Motocin gwanjon haɗari da ake kawowa daga Amurka a gyara a nan, yawanci da fentin tina ake fesa su, a rumfa ko a fili, kuma ba a rasa ganin wadda ta koɗe kafin damina biyu saboda an sa sheƙi mai araha, an tsinka shi fiye da kima, an yi rowar sinadarin taurarawa. Ba wanda ya ce tina ba shi da ƙarko don haka, kuma adalcin da aka yi masa shi ya kamata a yi wa ruwa. Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙafar da ruwa da sauri, wani lokaci har fiye da yadda ake so, ƙurarta kuwa abokiyar gaba ce, a damina kuma sai da fanka da wuta. Mai kawo wannan fenti ba tare da rufaffen ɗaki da horo ba, zai ƙara wa tsohon zargin shaidun ƙarya ne kawai.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan zargi haɗari, wanda ke damuna matuƙa, shi ne zaton cewa tun da an ce ruwa, huhun mai feshi ya tsira. Launin ya rage guba, amma shafin sheƙi yana nan da sinadarin aisosayanet, wanda hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ke lissafawa cikin manyan masu jawo asma a wurin aiki, masu feshin mota kuma na cikin waɗanda ta fi kamawa. Sinadarin da ke ba aikin ƙarko shi ne mai cin ƙirjin mai aikin. Ƙyallen da ake ɗaura wa hanci ba ya tare shi, abin da aka ba da shawara shi ne abin rufe fuska mai kawo tsaftatacciyar iska ta tiyo, kuma yaran da ke koyon sana'a su ne suka fi tsayawa cikin hazon.

Mai mota da zai ba da gyara, ya bar tambayar ko da ruwa ake sirkawa ko da tina. Ya tambayi wane shafin sheƙi za a sa da kamfanin da ya yi shi, ko ana auna sinadarin taurarawa yadda aka rubuta a gwangwani, ko fentin ƙasa da launi da sheƙi duk na gida ɗaya ne, ya kuma nemi a nuna masa inda za a fesa motar da inda za ta bushe. Garejin da ya kasa amsa waɗannan, kada a ba shi mota, ko da wane fenti yake aiki.